Yadda Ake Haɗa DAC da Ƙaramar Amfilifaya da Wayar Hannu Don Jin Waƙa da Kyau

Tun da kamfanin Apple ya cire ramin iyafis daga iPhone 7 a shekarar 2016, sauran masu ƙera waya suka bi sahu ɗaya bayan ɗaya, har ta kai yau yawancin manyan wayoyi ba su da wannan rami sam. Duk mai son jin waƙa da iyafis ko hedfon mai igiya, dole ya nemi abin da zai shiga tsakaninsa da wayar. Wannan abin shi ne DAC da amfilifaya, kuma galibi a haɗe suke cikin ɗan ƙarfe guda da bai wuce tsawon yatsa ba.

Aikinsu ba shi da wuyar ganewa. Waƙar da ke cikin wayarka lambobi ce zalla, sifili da ɗaya, kunne kuwa ba ya jin lamba. DAC ce ke juya lambobin nan su koma lantarki mai hawa da sauka daidai da sautin. Abin da ta fitar ba shi da ƙarfi, sai amfilifaya ta karɓa ta ƙara masa ƙarfin da zai girgiza 'yar lasifikar da ke cikin hedfon.

Abu ɗaya nake so ka riƙe tun daga nan: hedfon ɗinka ne zai faɗa maka irin na'urar da za ka saya, ba talla ba. Mutane da yawa sukan zuba kuɗi a na'ura mai tsada, su haɗa ta da iyafis ɗin da ƙaramin abu ma ya ishe shi, sannan su ce ba su ji wani bambanci ba. Kuma gaskiya suka faɗa, don tun farko iyafis ɗin bai rasa komai ba. Wasu kuma su sayi babban hedfon mai cin ƙarfi, su maƙala shi a na'urar da ba ta iya ɗaukarsa, su yi ta zargin hedfon ɗin da laifin da ba nasa ba.

Kayan da za ka tanada

Wayarka, da hedfon ko iyafis mai igiya, da kwalinsa ko takardar bayaninsa in tana nan. Sai na'urar kanta, wadda ke zuwa iri uku:

- Dongul: ƙarami ne, ba shi da batir, daga waya yake shan wuta. Irinsu ɗan adaftan Apple, da jerin KA na FiiO, da Moondrop Dawn.
- Mai batir ɗinta: ta fi girma, ta fi ƙarfi, galibi ba ta cinye cajin waya. Irinsu iFi hip-dac, FiiO Q3 da Chord Mojo.
- Mai Bluetooth: ita ma da batir, tana karɓar waƙa daga waya ba tare da igiya ba, kai kuma ka soka hedfon a jikinta. Irinsu Qudelix 5K da jerin BTR na FiiO.

Za ka buƙaci gajeren kebul da ya dace da bakin cajin wayarka, wanda ke ɗaukar bayanai, ba na caji kaɗai ba. In kan hedfon ɗinka babba ne, mai kaurin milimita 6.35, nemi ɗan adaftan da zai mai da shi 3.5. Sai waƙoƙi uku ko huɗu da ka sani ciki da waje, don da su za ka yi gwaji. Roba mai talewa ko ɗan maganaɗisu na manna na'ura a bayan waya suna da amfani, amma ba dole ba ne.

1. Karanta lambobin hedfon ɗinka

Nan ne ya kamata ka ɓata lokaci, don duk abin da zai biyo baya a kansa ya dogara. Lamba biyu kake nema a jikin kwalin.

Ta farko turjiya ce, wato yadda hedfon ke tirje wa lantarki, ana auna ta da om, alamarta Ω. Yawancin iyafis suna tsakanin om 16 da 32. Audio-Technica ATH-M50x yana da 38, Sony MDR-7506 yana da 63, Sennheiser HD 600 da HD 650 kowanne 300. Beyerdynamic DT 770 Pro kuwa yana zuwa a 32, da 80, da 250, suna ɗaya kamanni ɗaya, saboda haka duba naka da kyau ka ga wanne ne.

Lissafin mai sauƙi ne: ka ninka bolt, wato matsin lantarkin da na'ura ke fitarwa, da kansa, ka raba da om, ka samu wat. Na'ura mai fitar da bolt 1 za ta iya ba hedfon mai om 32 kusan miliwat 31, amma mai om 300 miliwat 3 da ɗan ɗoriya kawai zai samu. In ta kai bolt 2, mai om 300 ɗin zai samu miliwat 13. In ta kai bolt 4, ya samu 53. Ka ga dalilin da ya sa hedfon mai babbar turjiya ke yin sanyi-sanyi a ƙaramin dongul: muryar tana nan, amma ganga ba ta da nauyi, kuma ka ƙure ƙarar sauti ba ka ƙoshi ba.

Lamba ta biyu ita ce saurin amsawa, wato yawan ƙarar da hedfon ke bayarwa in an ba shi ɗan ƙarfi kaɗan, ana rubuta ta da dB, wato desibel, ma'aunin ƙarar sauti. Wanda ya haura 105 a kowane miliwat ba ya wahalar da kowace na'ura. Wanda ya gaza 95 yana son ƙarfi. Kula da wani tarko a nan: wasu kamfanoni suna rubuta dB/mW, wato a kowane miliwat, wasu dB/V, wato a kowane bolt, kuma ba ma'auni ɗaya ba ne, don haka kar ka gwada lambar wannan da ta wancan kai tsaye.

Akwai kuma hedfon ɗin da ake kira planar, irin na HiFiMan da Audeze, masu yaudarar sabon shiga. HiFiMan Sundara turjiyarsa ba ta kai om 40 ba, sai mutum ya ɗauka zai yi sauƙi, alhali saurin amsawarsa ƙasa yake. Ɗauki misalin famfo: hedfon mai babbar turjiya matsin ruwa yake so, planar kuwa yawan ruwan yake so. Dongul mai rauni ba ya iya ba shi.

In kwalin ya ɓace kuma ba ka samu lambobin a intanet ba, yi gwajin kunne. Haɗa shi da adafta na yau da kullum, ka kai ƙarar sauti kusan kashi shida cikin goma. In ka ji ya wadatar, gangar tana bugawa da nauyi, to ba ka buƙatar babbar amfilifaya. In sai ka ƙure kafin ka ji daɗi, kana buƙata.

2. Duba bakin wayarka

Yawancin wayoyin Android na yanzu USB-C ne. iPhone ma ta koma USB-C daga iPhone 15 a shekarar 2023, waɗanda suka gabace ta kuwa, daga iPhone 5 zuwa 14, Lightning ne. Tsofaffin Android masu micro-USB suna buƙatar ɗan adaftan OTG, shi ne ke sa waya ta zama mai ba da wuta da umarni maimakon mai karɓa. A wasu wayoyin, kamar na Oppo da Realme, sai ka shiga saiti ka kunna OTG da hannunka, kuma yana kashe kansa in aka yi minti goma ba a yi amfani da shi ba. Mutane da yawa sun mayar da na'ura lafiyayya suna cewa ta lalace, alhali wannan maɓallin ne a kashe.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne sayen adafta marar komai a ciki. Akwai 'yan adaftocin USB-C zuwa 3.5 da igiya ce kawai, babu DAC a cikinsu, sun dogara ne da wayar ta fitar da sautin da kanta ta bakin caji. Wasu wayoyi suna yin haka, amma na Samsung da Google Pixel marasa ramin iyafis ba sa yi. Ka soka, ko dai shiru, ko wayar ta ce ba ta san abin ba. Tabbatar an rubuta DAC a jikin kwalin kafin ka biya.

3. Zaɓi na'urar

In iyafis kake da shi ko hedfon mai om 32 mai saurin amsawa, ƙaramin dongul mai bolt 1 ya isa, kuma a ganina ƙarin kuɗin da za ka kashe gara ka zuba shi a iyafis mafi kyau. In hedfon ɗin yana tsakanin om 80 da 300, nemi mai bolt 2 ko sama. In planar ne, ko kana yini kana sauraro ba ka son cajin waya ya zube, mai batir ce taka.

Duba wata lamba a bayanin na'urar, turjiyar mafitarta. Ƙa'idar da masu harkar ke bi ita ce kar ta wuce kashi ɗaya cikin takwas na turjiyar hedfon. Ga iyafis mai om 16, kar ta wuce om 2 ke nan. In ta wuce, sautin yakan sauya kama, wani sashe ya kumbura wani ya dusashe, musamman a iyafis mai lasifika da yawa a ciki. Wadda ke ƙasa da om 1 ta dace da kowa.

Za ka ga ana ta yayata sunayen ƙwaƙwalwar da ke ciki, ESS Sabre, Cirrus Logic, AKM. Dukkansu suna da kyau. Yadda aka ƙera sauran na'urar, da tsabtar wutar da ke shiga ta, sun fi sunan tasiri, don haka kar sunan ya ja ka. Abubuwan da za ka ji amfaninsu kullum su ne: tana da maɓallin ƙara da rage sauti a jikinta? Ana iya cire kebul ɗinta a sauya in ya tsinke? Tana karɓar makirfon iyafis don amsa kira? Da yawa daga masu tsadar ma ba sa karɓa.

Game da adaftan Apple: yana da tsabtar sauti ƙwarai, amma akwai abu biyu. Wanda ake sayarwa a Turai ƙarfinsa kusan rabin bolt ne, na Amurka kuwa bolt 1. Sannan a wayoyin Android da dama yakan fito da murya ƙasa-ƙasa, sai an bi ta manhaja ta musamman da zan ambata a gaba. Jabunsa ma sun yi yawa.

4. Gyara tushen waƙar

Na'ura mai kyau ba ta gyara waƙar da ta lalace, fito da lalacewar take yi fili. MP3 mai 128 kbps (kbps shi ne yawan bayanin da ke cikin kowace daƙiƙa ta waƙa), ko waƙar da aka sauke daga bidiyo aka sake matse ta, za ka ji kuge da sautin "s" suna wani ɓarɓashi, kuma sabuwar na'urar za ta sa ka ji shi fiye da da. Nemi MP3 mai 320 kbps ko AAC mai 256 a ƙalla. In da hali, FLAC ko ALAC, waɗanda ba a zubar da komai daga cikinsu ba.

Ma'aunin faifan CD shi ne bit 16 da 44.1 kHz, wato 1,411 kbps. Wannan ma'auni yana ɗaukar sauti har 22 kHz, kunnen ɗan Adam kuwa, ko na yaro mai lafiyar ji, a wajen 20 kHz yake tsayawa. Saboda haka ni ba na ba sabon shiga shawarar cika wayarsa da manyan fayiloli masu bit 24 da 192 kHz. Suna cin wuri, suna cin data, abin da suke ƙarawa kuma da ƙyar kunne ke kama shi. Yadda aka ɗauki waƙar a situdiyo ya fi waɗannan lambobin muhimmanci nesa ba kusa ba.

Apple Music ta fara ba da waƙa marar matsi a 2021, Tidal da Qobuz da Deezer ma suna bayarwa. Sai dai a yawancinsu sai ka shiga saitin manhajar ka zaɓi inganci mafi girma da kanka. Waƙar minti huɗu a MP3 mai 320 takan kai megabait 10, a FLAC kuwa ninki biyu ko uku, don haka sauke su a kan Wi-Fi. Hattara kuma da FLAC na bogi: mai da MP3 zuwa FLAC ba ya dawo da abin da aka zubar, nauyi kawai yake ƙara wa fayil.

5. Haɗawa

Bi wannan jerin yadda yake, musamman a karon farko.

Rage ƙarar waya har ƙasa, in na'urar tana da nata maɓallin ita ma ka rage. Kar ka sa iyafis a kunne tukuna. Soka kan hedfon a na'urar, ka tura shi har ka ji ya yi ƙas. Ramin sabuwar na'ura yakan yi tauri, mutum ya bar kan a rabi, sai ya ji kunne ɗaya ne ke aiki, ko kiɗa na fita muryar mawaƙi ta ɓace. Daga nan soka na'urar a waya. In rigar wayar mai kauri ce, tana iya hana kebul shiga sosai, cire ta ka gwada. Mai batir kuma sai ka kunna ta.

Yawancinsu suna da 'yar fitila da za ta kama, launinta yana nuna ma'aunin waƙar da ke wucewa, takardar na'urar za ta faɗa maka ma'anar kowane launi. Kunna waƙa, ka kusanto da iyafis kusa da kunne ba tare da ka sa shi ba, ka ɗaga sauti kaɗan. Sai ka tabbatar ƙarar ba ta wuce kima ba sannan ka sa.

In fitila ba ta kama ba, juya kebul ɗin, kan da ke waya ya koma na'ura. Wasu gajerun kebul ɗin OTG hanya ɗaya suke bi, akwai ɗan kibiya a jikinsu mai nuna hakan. A iPhone mai Lightning kuma, wutar da bakin ke bayarwa kaɗan ce, wasu dongul ɗin sun fi ƙarfinta, sai wayar ta ce abin yana buƙatar wuta da yawa. Maganinsa adaftan Apple na Lightning zuwa USB 3 na kyamara, wanda ke da rami na biyu da za ka soka caja ko fawabank, ko kuma ka koma na'ura mai batir ɗinta.

6. Saitin waya

A iPhone aikin kaɗan ne. Shiga saitin Music, ka buɗe Audio Quality, ka kunna Lossless Audio, ka bar EQ, wato abin da ke ɗaga wani sashe na sauti ya rage wani, a kashe. Wayar da kanta take daidaita ma'aunin kowace waƙa da na'urar.

Android ce mai ɗan zagaye. Tana tattara duk sautin waya, waƙa da ƙararrawar saƙo da komai, ta haɗa su wuri ɗaya, galibi a 48 kHz, kafin ta tura wa na'ura. Waƙar 44.1 sai an sake lissafa ta ke nan. A wayoyin zamani wannan ba wata babbar illa ba ce, yawancin mutane ba za su ji ba. Mai son waƙar ta isa na'ura yadda take, sai ya sa manhaja irin USB Audio Player Pro ko HiBy Music, masu magana da DAC kai tsaye. Da ka soka na'ura, wayar za ta tambaye ka ko ka yarda manhajar ta riƙe ta. In ka yarda, sautin sauran manhajoji ba zai fito ta nan ba har sai ka rufe ta, kar ka ɗauka wani abu ya lalace.

Ga gargaɗin da ba na so ka tsallake: a wannan yanayi na kai tsaye, wasu na'urorin sukan tashi da ƙararsu a ƙure, ko da ka rage ta waya. Iyafis mai saurin amsawa a cikin kunne, da bolt 2 a ƙure, yana iya yi wa ji lahani cikin daƙiƙa kaɗan. Duk lokacin da ka sauya manhaja ko saiti, cire iyafis daga kunne ka sake gwadawa daga nesa.

Kashe Dolby Atmos da sauran kayan ƙawata sauti na waya a farkon gwaji, don ka ji ainihin abin da na'urar ke yi. In ka fi son su daga baya, ka mayar, ba laifi ba ne. In Android ta ƙi tura sauti ga na'urar gaba ɗaya, leƙa Developer options (ɓoyayyen sashe ne na saiti, yadda ake buɗe shi yana mataki na 9) ka tabbatar Disable USB audio routing a kashe yake.

7. Gain da lafiyar kunne

Na'urori da yawa suna da maɓalli mai L da H, an rubuta Gain, L ƙaramin ƙarfi ne, H babba. Fara da L kullum. Sai in ka kai kusan ƙarshen maɓallin sauti ba ka ƙoshi ba za ka koma H, kuma ka rage sauti kafin ka sauya. H ba ya ƙara kyau, ƙarfi kawai yake ƙarawa, a iyafis kuma shi ke jawo wata 'yar ƙara mai kama da hurawar iska a bayan waƙa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba zai iya sauraron desibel 80 na awa 40 a mako, yaro kuma desibel 75. Duk ƙarin desibel 3 yana rage lokacin da rabi: 83 awa 20, 86 awa 10, 89 awa 5. Haɗarin na'ura mai kyau shi ne sautinta ba ya fashewa in an ɗaga, saboda haka babu abin da zai gargaɗe ka, kana ta ƙarawa kana jin daɗi. In ka cire hedfon ka ji kunnenka na ƙugi, ko maganar mutane ta yi maka nisa, ka wuce iyaka. Jin da ƙara ta kashe ba ya dawowa. Saita sautin a wuri mai shiru, ka lura da inda maɓallin yake, kar ka wuce nan in ka shiga hayaniya. In hayaniyar ta rinjaye ka, iyafis mai toshe kunne da kyau za ka nema, ba ƙarin ƙara ba.

8. Ramin balans

Wasu na'urorin suna da rami na biyu mai faɗin milimita 4.4, tsofaffi kuma 2.5, ana kiransa balans. A nan kowane kunne yana da igiyoyinsa biyu na kansa, ba sa tarayya a komai, kuma a na'urori da yawa ƙarfin bolt ɗinsa ninki biyu ne na ramin 3.5. Amfaninsa ke nan: ƙarfi ga hedfon mai buƙata. Iyafis mai sauƙi ba ya ƙaruwa da shi.

Sai hedfon ɗin yana da kebul mai cirewa, ka sayi kebul ɗin balans na ainihi ka sauya. Kada ka kuskura ka sayi ɗan adafta ka soka kan 3.5 na yau da kullum a ramin balans. A kan 3.5, igiyoyin dawowa na hagu da dama a haɗe suke, in ka kai su ramin balans ka haɗa mafita biyu da bai kamata su taɓa juna ba, na'urar tana iya ƙonewa. Akasin haka kuwa, kebul ɗin balans zuwa ramin 3.5 ta adafta, babu matsala.

9. In ta Bluetooth za ka bi

Haɗa ta kamar kowane abin Bluetooth. Ingancin ya dogara da hanyar matse sautin da waya da na'ura suka yarda a kai. SBC ce ta kowa da kowa. iPhone ba ta wuce AAC, wadda kuma tana yi da kyau a can. Android tun daga ta 8.0 tana da LDAC ta kamfanin Sony, mai kaiwa 990 kbps, wayoyi da yawa kuma suna da aptX. Galibi za ka ga maɓallin LDAC a saitin na'urar cikin jerin Bluetooth. In babu, shiga About phone a saitin waya, ka taɓa Build number sau bakwai, Developer options zai buɗe, ka zaɓa a can. In 990 tana yankewa a cikin jama'a, sauko 660, da wuya ka ji bambanci, yankewar kuma ta tafi. Yawancin irin waɗannan na'urori suna aiki da kebul ma, ka samu hanya biyu a abu ɗaya.

10. Gwaji na gaskiya

Kunne yana ɗaukar abin da ya fi ƙara a matsayin wanda ya fi kyau, ko da bambancin ɗan kaɗan ne. In za ka gwada sabuwar na'ura da tsohuwa, daidaita ƙararsu gwargwadon iyawarka, ka maimaita daƙiƙa talatin ɗin nan guda a kowacce. Saurari wuri mai shiru a waƙar, ko akwai wata ƙara a baya. Saurari inda ganga da kayan kiɗa suka taru gaba ɗaya, ko kana iya bin kowanne daban ko sun cakuɗe. In akwai wanda zai riƙa sauya maka ba ka gani, ya fi.

In gangar ba ta da nauyi a iyafis, kafin ka zargi na'ura sauya robar bakinsa zuwa wadda ta fi girma. Robar da ba ta toshe kunne ba tana zubar da sautin ƙasa gaba ɗaya, kuma sau da yawa kunnen hagu da na dama ba girma ɗaya suke so ba.

Matsalolin da aka fi cin karo da su

Ƙara mai kama da iska: koma L, ka bar ramin balans. In ta ƙi tafiya, akwai ɗan abin rage ƙarfi da ake sawa tsakanin na'ura da iyafis, irin iEMatch na iFi.

Ƙarar "dit-dit-dit" lokaci-lokaci: siginar waya ce ke shiga, ta fi yawa in sabis ya yi rauni ko na'urar tana manne a bayan waya. Nisanta su da kebul mai ɗan tsawo, ko ka sa waya a yanayin jirgi in waƙoƙin a sauke suke.

Cajin waya na zuba: dongul mai ƙarfi yana shan wuta ko ba a kunna waƙa ba, cire shi in ka gama. Mai batir kuma wani lokaci takan riƙa cajin kanta daga wayar, nemi maɓallin hana caji a jikinta ko a manhajarta. Adaftan da ke raba baki biyu, caji da sauti, yana aiki, amma caja marar kyau takan shigo da ƙugi. In haka ta faru gwada fawabank.

Ɗumi kaɗan a jikin na'ura ba komai ba ne. In ta yi zafin da ba ka iya riƙe ta, cire ta. Mai batir kar a bar ta a rana ko cikin rufaffiyar mota, kuma in ka ga ta kumbura daina amfani da ita nan take.

Sauti na yankewa in waya ta motsa: yawanci ƙura da zaren aljihu ne suka taru a bakin caji suka hana kebul zama. Kashe wayar, ka sa tsinken katako ko na roba ka zaro su a hankali, ban da allura ko wani ƙarfe. In ba a nan matsalar take ba, duba saitin adana batir, don wasu wayoyin suna kashe manhajar waƙa da zarar allo ya mutu, sai ka cire ta daga jerin waɗanda ake taƙaitawa.

Bakin cajin waya shi ne wurin da ya fi saurin lalacewa a duk haɗin nan, kuma gyaransa ya fi kebul tsada. Kar ka bar dongul yana reto a jikinsa, kar ka zauna da waya a aljihu kebul a lanƙwashe. Yi amfani da kebul mai kai a karkace, ka ɗaure na'urar a bayan waya ko ka maƙala ta a riga yadda nauyinta ba zai rataya a bakin ba, in za ka cire kuma ka kama kan ƙarfen ka zare a miƙe, ba igiyar ba.